Chair, Chemistry da Chef: Fuska Ɗaya, Gari Daban-daban

Wani matashin malami, wanda bai cika shekara da fara koyar da Turanci a ƙaramar sakandare ba, ya aiko da wannan tambaya: "Malam, na jera wa yara kalmomin da suka fara da *ch* a allo, ina faɗa suna maimaitawa: *chair, chalk, child, church*. Sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, to ai *chemistry* ma da *ch* ta fara, don me ba a cewa 'cemistiri'? Na rasa ta cewa, na ce mata haka Turawa suka ga dama. Shin akwai ƙa'idar da zan riƙe? Kuma in kalmomi sun fara da haruffa iri ɗaya, ma'anarsu takan zama dangin juna?"

Malam, kafin komai ka nemi yarinyar nan ka yaba mata a gaban 'yan ajin. Amsar da ka ba ta kuwa, kada ta hana ka barci. Ni ma na yi shekaru ina fakewa da "haka Turawa suka ga dama" duk sanda ɗalibi ya ƙure ni. Sai dai ba gaskiya ba ce. Akwai dalili, kuma dalilin ya fi haddar jerin kalmomi sauƙin riƙewa.

Mu bokonmu ne ya shagwaɓa mu. An daidaita rubutun Hausa na boko a shekarun 1930, kuma waɗanda suka yi aikin kunne suka bi: abin da baki ya faɗa shi alƙalami yake rubutawa. Yaron da ya san baƙaƙe da wasula zai karanta maka kalmar da bai taɓa gani ba. Turanci ba haka ya taso ba. Haruffansa 26 ne, sautukansa kuwa kusan 44, ga shi ya yi ta cin bashin kalmomi daga harsuna barkatai, kowace ta shigo da rigar garinsu. Tun daga 1476, da William Caxton ya kafa injin buga littattafai a Westminster, rubutun ya fara daskarewa, har ƙamus na Samuel Johnson na 1755 ya ƙara danne shi. Baki kuwa bai tsaya ba, ya ci gaba da tafiyarsa. Saboda haka rubutun Turanci ya fi nuna maka asalin kalma a kan ya nuna maka yadda ake furta ta. Kamar zanen fuska ne a zamanin kakanninmu: ka ga Bagobiri ka san gidansu tun bai buɗe baki ba. In ka ga kalma, tambayar da za ka fara yi mata ita ce, "Daga wane gari kike?"

Bari mu yi wa *ch* wannan tambayar, tunda ita ta tayar da zancen.

Gida na farko 'yan ƙasa ne, kalmomin da Ingilishi ya gada tun fil azal: *child, church, cheese, chin, chicken, cheap, chew, choose*. Abin da zai ba ka mamaki shi ne, tsofaffin Ingilishi da *c* kaɗai suke rubuta wannan sautin, kamar yadda muke yi a ci da ciki da ciyawa. *Child* a wurinsu *cild* ce. Sai a 1066 William, sarkin Normandi ta arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi a Hastings. Faransanci ya zama harshen fada da kotu da manyan gari na kusan shekara 300, magatakarda suka koma rubutu irin na Faransa, su ne suka liƙa wa *c* ɗin nan *h*. Tare da su kuma kalmomin Faransanci suka kwararo: *chair, chain, change, chance, charge, chamber, chapter, chief*. A wancan zamanin Faransawa da kansu "c" suke furta *ch*, don haka baƙin da 'yan gida suka zama baki ɗaya. Duk waɗannan ka furta su da "c" ɗinmu na Hausa, ba ka yi kuskure ba.

Daga baya Faransawa a can gida suka sassauta harshe, "c" ɗinsu ta koma "sh". Ingila ba ta bi su ba a kalmomin da ta riga ta karɓa, amma duk wadda ta aro bayan an daɗe, musamman daga ƙarni na 17 zuwa yau, da sabon furucin ta shigo. Wannan ne gida na biyu: *chef, chauffeur, champagne, chalet, chandelier, charade, chic, chassis*. Ka lura yawancinsu kalmomin girki ne da ado da mota da rayuwar masu hali. Misalin da na fi so in ba ɗalibai shi ne *chief* da *chef*. Kalma ɗaya ce tak, tushenta kalmar Latin mai ma'anar kai, wato shugaba. Ingilishi ya are ta wajen shekarar 1300 ta zama *chief*, "cif", ya sake komawa ya are ta a ƙarni na 19 ta zama *chef*, "shef", shugaban masu girki. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram ba sa shan wahala a nan, domin a makarantarsu *ch* galibi "sh" ce. Shi ya sa in Bafaranshe zai rubuta "c" sai ya ƙara *t* a gaba: ƙasar da Ingilishi ke rubutawa *Chad* shi *Tchad* yake rubuta ta, haka Tchadoua da Tchintabaraden. Kuma shi ya sa ake cewa "Shikago" da "Mishigan" a Amurka: Faransawa ne suka fara rubuta sunayen daga bakin mutanen wurin. Mu ma muna da ragowar irin wannan a gida. Bauchi da Bichi rubutun Turawan mulki ne, na kafin a tsayar da *c* a bokon Hausa. Bahaushe Bauci da Bici yake faɗa.

Gida na uku shi ne na yarinyarka. Girkawa suna da wani harafi mai siffar X. Da Romawa suka ari kalmomin Girkanci sai suka riƙa rubuta shi da *ch*, Ingilishi kuma ya gaji rubutun yana furta shi "k": *character* "karakta", *chorus, chaos* "keyos", *cholera, chronic, chlorine, chameleon, Christ*. Wannan X ɗin ne ma kake gani a *Xmas*, harafin farko ne na sunan Almasihu da Girkanci, ba wai an soke sunan ba ne. Akasarin 'yan wannan gida kalmomin kimiyya ne da likitanci da addinin Kirista. Ga kuma wata ƙa'ida da za ka iya ba yara ba tare da fargaba ba: in *ch* ta zo a farkon kalma kuma *r* ko *l* ta biyo ta, "k" ce. *Christmas, chrome, chronicle, chloroquine*.

Ita *chemistry* ɗin ma 'yar'uwarmu ce ta nesa. Ta fito daga *alchemy*, wadda Turawa suka karɓa daga Larabci, *al-kimiya*. Daga wannan kalmar ta Larabci muka sami tamu, kimiyya. Ka ce wa yarinyar, in ta manta, ta tuna cewa ba a cewa "cimiyya".

Akwai abin da na daɗe da lura da shi, har yakan ba ni dariya. Bahaushen da bai yi boko ba bai cika rikita gidajen nan ba, domin shi da kunne ya ara. Yana cewa canji, caji, coci, cingam, cakulan, ciyaman, duk da "c". Ya juya ya ce kemis, kwalara, Kirista, Kirsimeti, duk da "k". Tsohuwar da ta aiki jikanta kemis ya sayo mata magani ta fi ɗan sakandaren da ke karanta *chemist* "cemist" daidai. Mu da muka koya da ido mu ne muke faɗawa rami. Don haka in ɗalibi ya yi shakkar wata kalma, ka tambaye shi ko Hausa ta are ta, kuma yaya ake faɗarta a kasuwa. Ba kullum dabarar ke ci ba, bakanike dai "casis" yake cewa, alhali Ingilishin Ingila "shasi" ne, ba a ma furta *s* ɗin ƙarshe. Amma tana ci fiye da yadda za ka zata.

Sai fitinanniyar cikinsu, *choir*, ƙungiyar mawaƙan coci. "Kwaya" ake cewa. A da *quire* ake rubuta ta, daidai da furucinta. Masana na ƙarni na 17 suka ga ai dangin *chorus* ce, suka sauya mata riga don ta yi kama da danginta, furuci kuwa ya tsaya inda yake. Masu shirya jarrabawa suna ƙaunar kalmar nan ƙwarai.

Da ka gane wannan, sauran haruffan ba za su ba ka tsoro ba, domin labarin ɗaya ne ake ta maimaitawa. *Ph* ta *phone, photo, physics, pharmacy* Girkanci ce, "f" ake furtawa. Matsalarmu a nan ba ta rubutu ba ce, ta leɓe ce. Bahaushe da leɓɓansa biyu yake yin "f", shi ya sa takan zame masa ta koma "p" ko "h", har *photo* ta zama hoto a bakinmu. Ta Ingilishi kuwa sai haƙoran sama sun sauka a kan leɓen ƙasa. Ka sa yara su riƙe madubi, ko su dubi bakin juna, suna faɗin *fan* da *pan*, *full* da *pull*. Minti biyar a kowace safiya ya fi darasi guda na bayani. *Ps* da *pn* su ma Girkanci ne, Ingilishi ya kasa haɗa baƙaƙen biyu a farkon kalma ya yar da *p*: *psychology* "saikoloji", *psalm* "sam", *pneumonia*, wadda mu ma muke kira nimoniya. Faransanci bai yar ba, ɗan Nijar da ke koyon Ingilishi sai ya kula. *Kn* da *wr* da *gn* kuwa 'yan gida ne da suka tsufa haƙori ya zube: *knife, knee, know, knock, write, wrong, wrist, gnaw*. Da can ana furta *k* ɗin *knee* sarai, wajen ƙarni na 17 ta faɗi daga baki ta zauna a takarda. Jamusawa har gobe suna furta ta a tasu kalmar ta gwiwa, *Knie*. *H* ma haka: a *hour, honest, honour, heir* ba a jin ta, saboda ta hanyar Faransanci suka zo, kuma kunnen Bahaushe ya kama wannan daidai da ya ce awa da onarabul. Amma kada a ɗauki otal da asibiti a matsayin hujja, *hotel* da *hospital* ana furta *h* ɗinsu.

Zan ɗan daɗe a kan *th*, don nan ne ake gane ɗan Arewa tun daga jimlar farko. Sauti biyu ne a ƙarƙashin rubutu ɗaya, kuma babu ko ɗaya a Hausa. Amma duk wanda ya zauna gaban malamin tajwidi ya san su: na *think* shi ne ث, na *this* shi ne ذ. Kakanninmu da suka ari kalmomin Larabci sun mayar da na farko "s" a Usman da misali da hadisi da sulusi, wani lokaci "t" kamar a Talata da tamanin, na biyu kuma "z" a zikiri da izini da zunubi da azaba. Wannan tsohuwar al'adar ce muka kwaso muka ɗora wa Turanci, muke cewa "sink" a wurin *think*, "zis" a wurin *this*. Abin takaicin shi ne *sink* kalma ce mai zaman kanta, nutsewa, kamar yadda *sick* da *thick*, *sing* da *thing*, *sank* da *thank* kowace da ma'anarta. Yaron da ke fitar da harshe tsakanin haƙora in yana karatun Alƙur'ani da asuba, shi ne zai zo aji da hantsi ya ce maka ba zai iya faɗin *three* ba. Ka tuna masa kawai cewa ya riga ya iya.

Wanne za a furta a ina? A farkon kalma ƙa'idar tana da tsabta. Ƙananan kalmomin nahawu, waɗanda ake nuni ko haɗa zance da su, kusan duk ذ ne: *the, this, that, these, those, they, them, their, then, there, than, though, thus*. Kalmomin da ke ɗauke da ma'ana ta kansu, suna ko aikatau ko sifa ko ƙidaya, ث ne: *thief, thumb, thunder, think, throw, thin, thirsty, three, thousand*. 'Yan tsiraru ne suka fita daga layi, ana furta su da "t" zalla: *Thomas, Thailand, thyme* "taim", da kogin Landan, *Thames*, "Temz".

Sauran sai dai a bi su da sauri, don ba su da zurfi. *G* a gaban *e* ko *i* takan zama "j" a kalmomin da suka zo ta Faransanci da Latin, irin su *general, gentle, giant, ginger*, ta tsaya "g" a 'yan gida irin su *get, give, girl, gift, geese*. *Who, whose, whole* da "h" suke farawa, *what, when, where* da "w". *Queen* da *quick* "kw" ne, amma *queue* "kyu" ce, *quay* kuma "ki". *Sugar* da *sure* "sh" ne, *sun* da *supper* "s". *School* da *scheme* "sk" ne, *schedule* kuwa Ingila "sh" ta saba, Amurka "sk", kuma dukansu daidai ne, illa dai jarrabawarmu ta fi bin Ingila. Wasali ma yana da nasa rikicin: ka jera *woman, women, wolf, word, worn, wonder, womb*, duk *wo*, kusan kowace da nata wasalin. A nan ba ni da wata dabara da zan ba ka sai ƙamus da kunne.

Yanzu rabin tambayarka na biyu, batun ma'ana. Amsa a taƙaice: wani lokaci dangi ne, wani lokaci maƙwabta ne kawai a shafin ƙamus. Kuma Hausa za ta koya maka bambancin kafin Turanci ya koya maka. Dubi makaranta, mahauta, majema, manomi, maɗinki, mabuɗi, masassabi. Duk *ma* ɗin nan ɗafa-goshi ne, yana nuna wurin aiki ko mai aikin ko abin yin aikin. In ka cire shi za ka ga tushen a tsaye: karanta, noma, ɗinka, buɗe. To, mage fa? Mace fa, da mangwaro? Cire *ma* daga mage, ba abin da ya rage. Cire ta daga madara ka sami dara, amma ba ruwan nonon saniya da wasan dara. Haka Bakano da Bazazzagi suke da *ba* ta asali, baki da bango da bargo ba su da ita. Irin wannan gwajin za ka yi wa kalmar Turanci. *Unhappy, unkind, unsafe*, cire *un* ka sami kalma, ma'anar kuma kishiyarta ce. *Uncle* da *under* ba su cikin wannan gidan. *Carpet* kuwa ita ce madararsu: akwai *car*, akwai *pet*, amma darduma ba ta haɗa komai da mota ko dabbar gida ba.

Kalmomin Latin sukan ɓoye tushensu, ka cire ɗafa-goshin ka ga abin da ya rage ba kalma ba ce a Ingilishi. A nan sai ka duba ko ragowar tana yawo da wasu ɗafa-goshin. *Include, exclude, conclude*. *Import, export, transport, report*. *Inject, reject, eject, project*. In ka ga haka, gida ne na gaske, kuma sanin sa riba ce babba. Wanda ya san *tele* nesa ce ya buɗe *telephone, television, telescope* da mabuɗi ɗaya. Wanda ya san *trans* ƙetarewa ce ya fahimci *transfer, transport, translate*.

Inda ake karya ƙafa shi ne *in*, domin ɗafa-goshi biyu ne suka sa riga iri ɗaya. Ɗaya korewa yake yi: *incorrect, incomplete, invisible*. Ɗayan "ciki" yake nufi: *include, inject, income, inhale*. Ka taɓa bin bayan tankar mai a hanyar Kaduna ka ga an rubuta *Highly Inflammable* da jan fenti? Na sha tambayar ɗalibai ma'anarsa, kuma kullum sai an sami masu cewa "ba ya kamawa da wuta". Lissafinsu bai da laifi, sun ɗauka *in* ɗin korewa ce. Alhali daga *inflame* take, cinna wuta. *Inflammable* da *flammable* ma'anarsu ɗaya, abu mai saurin kamawa, kishiyarsu ita ce *non-flammable*. Wannan ba kuskuren rasa maki ba ne kawai, kuskure ne da zai iya cin rai, shi ya sa masana kariya suka fi son a rubuta *flammable*. Haka *invaluable*. Wata shekara wani ɗalibina ya zo ofis ransa a ɓace, wai an rubuta a takardar shaidarsa cewa gudummawarsa ga ƙungiyar muhawara *invaluable* ce, shi kuwa ya yi iya ƙoƙarinsa. Sai da na zaunar da shi na ce yabo ne mafi girma: abin da darajarsa ta wuce a yi masa kuɗi. Marar daraja *worthless* ne ko *valueless*. Ita kuma *infamous* ba "wanda ba a sani ba" take nufi ba, wanda ya yi ƙaurin suna ne, kuma ba a furta ta kamar *famous*: "INfamas" ce, nauyin a gaɓar farko.

Wannan *in* ɗin tana kuma sauya kama gwargwadon baƙin da ya biyo ta, kuma a nan ma tajwidi zai yi maka rabin aikin. Nunun da ba ta da wasali in ta haɗu da *ba* takan koma mimun, a rubuta *min ba'di* a karanta "mim ba'di". In ta haɗu da *ra* ko *lam* sai ta narke a cikinsu, "mir rabbihim". Hausa ma tana yi: muna rubuta gidan Bala, muna faɗin "gidam Bala". To abin da ya faru ke nan a Latin, sai dai su sun rubuta abin da baki ya faɗa: *in* da *possible* suka ba da *impossible*, da *regular* suka ba da *irregular*, da *legal* suka ba da *illegal*. Ranar da na fara kawo wannan kwatancin a aji, wani almajirin Islamiyya da bai cika magana ba shi ya ƙarasa mini sauran misalan.

*Anti* da *ante* ma suna ruɗa mutane, don a baki kusan ɗaya suke. Ta farko adawa ce, kamar a *antibiotic*. Ta biyu "kafin" ce, kamar a *antenatal*, awon ciki kafin haihuwa, kuma ita ce *a* ɗin da ke cikin *a.m.* na agogo, kafin tsakar rana. Mai rubuta *antinatal* a allon asibiti ya ce yana adawa da haihuwa ke nan bai sani ba. *Re* kuma takan nufi maimaitawa, *rewrite, rebuild*, amma a kula da 'yar ƙaramar karan nan ta tsakiya. Ɗan ƙwallon da ya yi *re-sign*, "ri-sain", ya sabunta kwantiraginsa. Shugaban da ya yi *resign*, "rizain", ya ajiye aiki. Haruffa ɗaya, ɗaya ya zauna ɗaya ya tafi. *Mis* ma tana da tarko na furuci: *misled* "mis-led" ce, *mishap* "mis-hap", ba "sh" a ciki, kamar yadda *dishonest* ba ta da alaƙa da *dish*.

Har kalmomin da za ka rantse dangi ne sukan ba da kunya. *Pen* da *pencil* a jaka ɗaya suke kwana, amma ta farko daga kalmar Latin ta gashin tsuntsu take, ta biyu daga kalmar ƙaramin burushi. 'Yar'uwar *pencil* ta jini ita ce *penicillin*, maganin da Alexander Fleming ya gano a 1928, don naman gwarin da ke samar da shi kamar burushi yake a ƙarƙashin madubin likita. *Island* da *isle* duk tsibiri ne, amma asalinsu daban, kuma *s* ɗin *island* cusa ta aka yi bisa zaton dangi ne, shi ya sa ba a furta ta. Mu ma mu yi hattara da namu zaton. *Algebra, alcohol, alchemy, alkali* duk suna ɗauke da *al* ta Larabci, irin ta alƙalami da albasa da aljihu. Amma *alkali* ta ɗakin gwaje-gwaje daga kalmar tokar wani tsiro take, alƙalinmu na kotu kuwa daga *al-ƙadi*.

Saura abu guda, wanda ya haɗa furuci da ma'ana wuri ɗaya, kuma yakan fito a takarda ta uku ta Turancin WAEC, wadda ake kira jarrabawar baka alhali a takarda ake yin ta. Shi ne nauyin gaɓa. A nan muna da gata, domin kunnenmu ya saba da karin sauti. Muna rubuta kuka, mu bar mai karatu ya gane ko hawaye ne ko bishiyar da ake miya da ganyenta. Muna rubuta gari, ko birni ko na tuwo, a nan kuma tsawon wasali ne ya raba su. Ingilishi ba da hawa da saukar murya yake rarrabewa ba, da inda aka danna ne. *REcord* suna ne, *reCORD* aikatau. Haka *PREsent* da *preSENT*, *OBject* da *obJECT*, *CONduct* da *conDUCT*, *DEsert* hamada da *deSERT* gudu a bar mutum, *REfuse* shara da *reFUSE* ƙi. Galibi suna a gaɓar farko, aikatau a ta biyu. Na ce galibi, domin *report* da *respect* ba sa motsi daga ta biyu, *promise* da *comment* ba sa barin ta farko. Kuma in nauyi ya tashi daga gaɓa, wasalinta yakan raunana har ya kusa ɓacewa. Shi ya sa *PHOtograph, phoTOgraphy, photoGRAphic* suke da farko iri ɗaya a ido, iri uku a kunne. Ko *ex* wannan ne ke juya ta: in nauyi yana kanta "eks" ce, *exercise, execute*, in yana kan wasalin da ke biye da ita sai ta koma "igz", *exam, example, executive*.

Abin da zan ba ka shawara ka yi shi ne ka ware mako biyu ka koyi alamomin furuci da ke cikin kowane ƙamus na ɗalibai, waɗanda ake sawa tsakanin karan tsaye biyu bayan kalma. Ba su kai hamsin ba, kuma fiye da rabinsu haruffan da ka sani ne. Ƙamus ɗin da ke wayarka ma yana da maɓallin da za ka danna ka ji kalmar da bakin Ingila da na Amurka. Ka mayar da shi ɗabi'a, kada ka kai sabuwar kalma aji sai ka ji ta da kunnenka a daren jiya, ko da kana ganin ka san ta. Ni da na yi wannan binciken a kaina, na tarar na shekara da shekaru ina furta *b* a *subtle*, alhali "satul" ce.

Ranar Litinin kuwa, ka raba allo gida uku, ka rubuta *chair* a kan na farko, *chef* a na biyu, *chemistry* a na uku. Ka riƙa kiran kalma, yara suna faɗin gidan da za ta shiga da dalilinsu. Ka fara da waɗanda Hausa ta ara, canji da kemis da coci da kwalara, don su ji ƙafarsu a ƙasa. Allin kuma ka miƙa wa yarinyar nan ta yi rubutun. *Choir* ka ajiye ta sai ana saura minti biyar a tashi.